Likita ya ce ruwa ne ya taru a kan Baba, wai me ya haɗa ruwa da mantuwa?

Autan_Baba:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka. Mahaifinmu ne, ya haura 70, kusan shekara ɗaya da rabi kenan tafiyarsa ta canza, in ya miƙe sai ka ga kamar an liƙe masa tafin ƙafa da ƙasa, sai ya yi ta jan ƙafa silifas na fita, in zai juya kuwa sai ya yi taku biyar shida kafin ya gama juyawa. Daga baya fitsari ya fara kufce masa kafin ya kai banɗaki, shi ne ma ya sa ya daina zuwa masallaci don yana kokwanton tsarkinsa, wlh wannan ya fi komai damunsa. Yanzu kuma ga mantuwa, mutumin da lissafin shago a ka yake yinsa, yau sai ka yi masa tambaya ya yi shiru ya daɗe kafin ya amsa. Mu dai mun ɗauka ruɗewar tsufa ce. An yi masa hoton ƙwaƙwalwa, likita ya ce ruwa ya yi yawa a ciki kuma yana so a ɗebi ruwan bayansa a gani. Yayanmu babba ya ce sam ba za a taɓa masa baya ba. To ni tambayata, me ya haɗa ruwa da mantuwa, kuma mu yarda ko kar mu yarda?

Maman_Biyu:
Wa alaikassalam. Allah ya ba Baba lafiya yasa kaffara ne. Ni dai gaskiya tsoron diban ruwan bayan nan nake, lokacin sankarau a unguwarmu yaran da aka diba wasu basu tashi ba. Ku hada da addu'a da tofi

Nas_Zazzau:
Maman Biyu yaran nan sanƙarau ɗin ne ya ci ƙarfinsu, yawanci ai sai ciwo ya yi nisa ake kai su, shi ya sa laifin yake faɗawa kan allurar. Ita laka a babban mutum tana ƙarewa ne sama da ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta inda ruwa ne da zaren jijiyoyi suke reto. Abin da aka fi gani bayanta ciwon kai ne na 'yan kwanaki.

Auta ni ba likita ba ce kuma ban ga Baba ba, amma abubuwa ukun nan da ka jero, jan ƙafa, kufcewar fitsari, sannan mantuwa ta zo daga baya, su ne alamun wata cuta da ake ce wa NPH, wato taruwar ruwa a ramukan ƙwaƙwalwa. Kowa yana da ruwan nan a kai, fari ne tas kamar na famfo, ƙwaƙwalwa da laka a cikinsa suke zaune. Duka duka bai wuce mililita 150 ba, amma kullum jiki yana yin sabo kusan 500, wato ledar fiya wata guda kenan a rana, to ka ga dole yadda yake shigowa haka zai riƙa ficewa ya koma jini. In hanyar shanyewar ta yi rauni sai ramukan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa su buɗe su yi faɗi su danne jijiyoyin da ke wucewa ta gefensu, kuma na ƙafa da na mafitsara suna nan kusa. Irin abin da ke sa kan jariri ya yi girma ne, sai dai shi babba ƙoƙon kansa ya riga ya haɗe ba inda zai buɗa.

Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Kolombiya, Salomon Hakim, shi ya fara bayaninta, a 1965 suka wallafa shi da abokan aikinsa. Sunan kamar na gida ko, asalin iyayensa 'yan Labanan ne. Gwajin da likitanku yake so shi ne a ɗebi kamar mililita 30 zuwa 50, cokali biyu zuwa uku kenan, jiki zai mayar da shi cikin awanni, sai a duba tafiyar kafin da bayan. In ta gyaru to alama ce tiyata za ta yi amfani, a sa siririyar roba daga kai ta bi ƙarƙashin fata ta zubar da rarar ruwan a cikin cikinsa. Ku ɗauki bidiyon tafiyarsa a waya kafin a ɗiba, ido yana ruɗi in mutum ya ƙagu ya ga sauƙi. In yana shan maganin tsinka jini kuma ku gaya wa likita tun kafin ranar.

Dalibi_Har_Kullum:
Bari in ɗan tsoma baki duk da karambani ne. Maganar ruwan nan ta wuce NPH ma, har cutar Alzheimer, mai jawo mantuwa ga tsofaffi, ana alaƙanta ta da shi yanzu. A 2012 wata mai bincike Maiken Nedergaard da mutanenta a jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa ruwan ba zaman banza yake ba, yana bin gefen jijiyoyin jini ya kutsa cikin naman ƙwaƙwalwa ya kwaso datti ya fito, kamar yadda ruwan sama ke wanke kwata. Cikin dattin har da wani sinadari amiloyid wanda shi ne yake taruwa a kan masu Alzheimer. A 2013 suka ƙara da cewa in ɓera yana barci sararin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa yana ƙaruwa da kusan kashi 60 cikin ɗari, wankin ya fi sauri. Sai 2015 wasu a Bajiniya ta Amurka da wasu a Helsinki ta ƙasar Finland suka gano ashe akwai magudanai a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa masu sauke ruwan zuwa kaluluwar wuya, da can littattafai cewa suke babu. Tun da na karanta na rage kwana a kan waya, sai dai ranar ƙwallo lol

Nas_Zazzau:
Dalibi ka yi ƙoƙari amma a bi a hankali, kusan duk ɓeraye ne, kuma a 2024 wasu a Landan sun yi nasu gwajin suka ce su akasin haka suka gani, wankin raguwa ya yi lokacin barci, har yanzu ana ta ja-in-ja. Abin da ya sa nake tsayawa a nan, a Chaina an yi ta yi wa masu Alzheimer tiyatar wuya wai a buɗe magudanar, mutane suna ta biya, sai da hukumar lafiyarsu ta hana a 2025 don babu hujjar da ta isa. Gobe wani zai fito a TikTok da garin magani ya ce yana wanke ƙwaƙwalwa. Ni abin da na riƙe a ciki bugun jijiyoyin jini ne yake tura ruwan, hawan jini kuma yana sandarar da jijiya, to ko ba komai a kula da awon jini da suga. Na Baba daban ne, nasa ana ganinsa a hoto kuma akwai abin yi.

Yar_Maradi:
Mu an yi wa kakarmu aikin, zan faɗi gaskiya don kar ku sa rai da yawa. Tafiya ta dawo sosai har tana zuwa bayan gida da kanta da sanda, fitsarin ma da sauƙi, amma mantuwar kaɗan ta ragu, har yau tana kirana da sunan mamata. Likita ya ce mun daɗe ba mu kawo ta ba kuma wataƙila akwai wata cutar tare. Shekara uku muka yi ana cewa sammu ne, wasu a garin har maita suka fara jingina mata don tana fita tsakar dare tana surutai, wannan har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Robar ma tana da nata, tana iya toshewa ko ƙwayar cuta ta shiga, mu sau ɗaya aka koma aka gyara. Amma ko don ta daina kwana cikin jiƙa ni ban yi nadama ba.

Autan_Baba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya duka jiya bayan isha'i, bai ce ya yarda ba amma ya ce zai bi mu asibitin ya ji daga bakin likita, wanda a wurinsa wannan ma ci gaba ne. Shi Baba da na gaya masa cewa ya yi in dai zai koma sahu a ɗebi ko bokiti ne. Na ɗauki bidiyon ɗazu, daga ƙofar ɗakinsa zuwa bakin zaure taku 31 ne, ni 14 nake yi. Aunty Nas, ranar da za a ɗiba zai iya karyawa ko da azumi ake zuwa?