A taimaka min da shawara: ina so in ƙarasa aikin bututun ruwan zafi da hannuna

Abu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri zan ɗan ja magana, kaina ya ɗau zafi. Gidan mahaifinmu ne a Badariya, nan Birnin Kebbi, bene hawa ɗaya. Da aka raba gado sama ta faɗo mini, ƙasa kuma Yayana ne da iyalinsa. Shekara shida 'yan haya ne a saman, sun fita sun bar min bango duk jirwaye. Tarewar amarya saura sati uku, kayan ɗaki sun iso suna jibge a ɗakin Hajiya, kullum na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni ina aka kwana.

Tun watan jiya na ɗauko mai aikin famfo, abokin aikina ne ya haɗa mu. Ya karɓi kafin alƙalami, ya fasa bangon banɗaki biyu da na kicin, ya zaro tsohon bututun ƙarfe ya nuna mini. Wallahi da na leƙa ciki tsatsa ta cinye shi, ɗan ramin da ya rage ko fensir ba zai shiga ba. Ashe shi ya sa shawa ke zuba kamar hawaye. Daga ranar sai gobe sai jibi, yanzu ko waya ba ya ɗauka. Sau uku ina zuwa shagonsa, yaronsa na ce min ya tafi aiki Argungu.

Na yanke ni zan ƙarasa. Na sayi kaya, na kalli bidiyo sun fi ashirin a YouTube. Layin hita ne ke hana ni barci, don hunturu ya kama kuma na yi mata alkawarin ruwan zafi. Ta ina zan fara?

Injiniya Gesse:
Wa alaikumus salam. Ka ba mu labarin gado da na amarya, amma ba ka faɗi abin da ya fi komai ba. Wane irin bututu ka saya? Hitar lita nawa ce? Tankinka ina yake zaune?

Maman Ilham:
Allah Ya sanya alheri ƙanena. Ni dai masu aikin famfon nan sun gama da ni. Namu sau huɗu yana fasa tayil ɗin banɗaki ɗaya, ƙarshe ruwa ya jiƙa min durowa har atamfofin lefena suka yi baƙi-baƙi. Har yau in na buɗe ta sai raina ya ɓaci. Mai gida kuma cewa yake in yi haƙuri, ɗan unguwa ne.

Abu Hanifa:
Injiniya, PVC ne mai kauri, da gam gwangwani biyu. Mai shago ya ce da shi kowa ke aiki. Hita lita 30. Tanki yana kan ƙarfe a bayan gida, mu da Yaya muke sha.

Injiniya Gesse:
Tsaya nan, kada ka shafa gam ko ɗigo. PVC na ruwan sanyi ne. Zafi ya wuce digiri 60 ya fara laushi, hita kuwa tana iya kai ruwa 70 ko fiye. Ba ranar farko zai ba ka kunya ba, sai ka yi filasta ka manna tayil amarya ta tare, sannan mahaɗa ta saki cikin bango. Kuma ka tuna kan wa kake zaune: silin Yayanka ne zai fara sha.

PPR za ka saya, bututun roba mai ɗaukar zafi, wanda aka rubuta PN20 a jikinsa. Milimita 25 a babban layi, 20 zuwa kan famfo da shawa. Shi ba ruwansa da gam, da injin ɗumama ake haɗa shi, ya kai digiri 260. Mai 20 daƙiƙa biyar ake ba shi a bakin injin, mai 25 bakwai, ka zare ka tura kai tsaye, ba murɗawa. In ka bar shi ya daɗe robar za ta narke ta toshe ramin daga ciki, daga waje kuwa ka gan shi tsaf. Na sha yanka aikin sababbin hannu in tarar da haka. Ka ga ka koma gidan jiya, ka cire tsatsa ka sa roba.

Ɗan Jega:
Injiniya kana tsorata bawan Allah. Ni PVC ne a gidana shekara biyar da hita, ko ɗigo ban gani ba. Ka rage zafin hitar kawai ka yi aikinka. Wanga zamani kowa tattali yake.

Injiniya Gesse:
Shekara biyar ɗin sau nawa ka kunna ta? Wata biyu na sanyi, shi ma sai an kawo wuta. Ranar da abin daidaita zafin ya lalace za ka gane. Ko dai naka CPVC ne ba ka sani ba, shi yana ɗaukar zafi.

Baban Sadiq (Ingila):
Na ga maganar ta taɓo ni. A nan tukunyar gas ce ke dafa ruwa, ya zagaya gida cikin bututun jan ƙarfe mai milimita 22 da 15, ya shiga ƙarafunan da ke ɗumama ɗakuna. Da muka gyara fulat ɗinmu ni na canza bututun da kaina, amma tukunyar ban taɓa ba, don duk abin da ya shafi gas sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas a nan. Abin da na koya: kada ka rufe komai sai ka cika layi da ruwa ka gwada. Mahaɗa ɗaya na manta ƙarƙashin katakon ɗaki, maƙwabciyar ƙasa ta hau da hoton silinta a waya. Kwana tara muka yi ba ɗumi da yara, ga kuɗin da na biya, Allah kaɗai Ya sani. Ku da kuke gida ku gode wa Allah da rana.

Abu Hanifa:
Na gode, amma ku fahimce ni. Kuɗin PVC sun riga sun fita, mai shago ba ya karɓar kaya in an yanka, ni kuma na yanka guda huɗu. Injin PPR ba ni da shi, kuma ba na jin ƙaramin janaretana zai ɗauke shi. Ba wai ban iya aikin hannu ba ne, ni na haɗa wayar shagon Yaya.

Injiniya Gesse:
PVC ɗin bai yi asara ba, ka sa shi a layin sanyi. Na zafi mita nawa ne gaba ɗaya? Inji kuma ana bayar da haya. Tunda ka ambaci waya: hita ba ta zama sai da wayar ƙasa da makunninta daban, ruwa da wuta ne a ɗaki ɗaya. Bawul ɗin kariya da ke zuwa cikin kwalinta ka ɗaura shi a mashigar ruwan sanyi, kada ka toshe bakinsa don ka ga yana ɗiga. Kada ka kunna ta sai ta cika, in ba haka ba ta ƙone nan take. Sannan tankin nan, kowace mita 10 ta tsawo bar ɗaya (ma'aunin ƙarfin ruwa) kacal take ba ka. In mita biyu ya ɗara shawarka, ko bututun zinariya ka sa ruwan ba zai yi ƙarfi ba.

Maman Ilham:
Ni fa ƙanena da za ka ji tawa, ka sayi bokitin dafa ruwa amarya ta tare, aiki ya biyo baya. Mu haka muka fara.

Ɗan Jega:
Ko ka kai ƙarar mai famfon wajen mai unguwa ya zo ya ƙarasa aikinsa. Mi ya sa za ka bar mishi kuɗinka?

Abu Hanifa:
Ƙara ba za ta yiwu ba, abokin aikina zai ji kunya. Bokiti kuma na riga na yi alkawari gaban ƙannenta. Birkila zai zo Asabar ya rufe bango, na ba shi kuɗin siminti, ba zan iya ɗaga masa ba. Ina ganin in na sa hitar a ƙaramin zafi kamar yadda Ɗan Jega ya ce, zai kai ni bayan biki.

Injiniya Gesse:
Bayan biki ka sake fasa tayil ke nan? Ka faɗa wa Yayanka abin da za ka binne a saman ɗakinsa?

Abu Hanifa:
Bai sani ba tukuna. Akwai wanda ya san inda ake hayar injin nan kusa da Badariya, kuma nawa ne wuni?