"Rai dangin goro ne": hutu yake so ko ruwa ake ba shi?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya rigima ta kaure a gidanmu tsakanin Baffa da Yayana. Yaya tirela yake ja Kano zuwa Legas, ya dawo cikin dare ƙafafu a kumbure, da asuba kuma yana shirin ɗaukar wani lodin, Baffa ya tsaya a bakin zaure ya ce masa "rai dangin goro ne, hutu yake so". Shi kuma ya ce mai sauran kwana ba ya mutuwa, kuma hutu ba zai biya kuɗin makarantar yara ba. Har yanzu ba sa ga maciji. Don Allah maganar nan tana nufin kula da jiki yana ƙara wa mutum kwana ne, ko lallashi ne kawai?

Na Mariri:
Wa alaikumus salam. Mu a kasuwa "ruwa ake ba shi" muke cewa. Duk wanda ya taɓa riƙe huhun goro ya sani, in ka ɗaure ka manta da shi to ka yi asara, sai kana buɗewa kana canja ganyen fita, ka yayyafa ruwa, ka tsince wanda sankara ta taɓa, a haka goron Shagamu zai yi wata da watanni garau. Baffanku ya yi gaskiya.

Maman Khalil:
Ni dai hutu na taso na ji. Kuma a wajen biki ake faɗa in mutum ya ci kwalliya ya fito shaƙatawa, ban taɓa jin an kawo ta a zancen mutuwa ba.

Almajirin Zawiyya:
Ajali in ya zo ba ya jinkiri, wannan babu ja. Amma a Buhari da Muslim an ruwaito cewa wanda yake so a yalwata masa arziki a tsawaita masa kwana to ya sada zumunci. Ga kuma hadisin raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi. Riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, ƙanena ka gaya wa yayanka haka cikin ladabi.

'Yar Bebeji:
Allah sarki kun tuna min da Iya, kakata ta wajen uba. Babu wanda ya san shekarunta, ita dai takan ce tana goyon ɗanta na biyu Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956, kuma sai bara waccan ta rasu. Matar nan har ta tsufa tukuf ita take surfenta, in ka karɓi taɓaryar sai ta yi fushi ta ce so kake ka zaunar da ni. Tuwon dawa miyar kuka da daddawa, kwaɗon zogale ko rama da rana, fura da nono in Fulani sun shigo, lemon kwalba kuwa in an kawo mata jikoki take miƙa wa. Ana idar da isha'i ta kwanta. Da hantsi ta ɗau sandarta ta bi gida gida, wannan barka wannan gaisuwar mara lafiya, sai azahar za a gan ta, kuma wallahi ban taɓa ganin ta kwana da mutum a rai ba, za ta wanke ka tas a gabanka anjima ta kira ka ta ba ka gyaɗa. Amma fa haihuwa 11 ta yi, 4 suka rayu, ƙyanda ta ɗauke mata biyu a sati ɗaya. Kishiyarta da suke cin tukunya ɗaya tari ya kashe ta tun da sauran ƙarfinta, ita ce mai girki a ɗan madafin nan mara taga.

Maman Khalil:
Allah ya jiƙan Iya. Irinsu sun ƙare.

Nas Hadiza:
Amin. Yaya 'Yar Bebeji ƙarshen labarinki shi ne abin dubawa. Muna ganin tsofaffin da suka kai ne, waɗanda suka tafi tun suna goye ba ma lissafa su. Shi ya sa matsakaicin tsawon rai a Najeriya yake wajen shekara 54 alhali a Japan ya kai 84, mutuwar ƙananan yara ce take jan namu ƙasa sosai. Hayaƙin girki a cikin gida kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum kusan miliyan 3 duk shekara. Ku tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, yara wajen 400, wane hutu ne zai cece su? Ɗan Kurna, kumburin ƙafa ba abin wasa ba ne, ku kai shi a auna jininsa a duba ƙoda. Kuma a rage gishiri da dunƙule, ƙasa da giram 5 na gishiri ake so a yini.

Sarkin Zolaya:
Ai masu ba wa ransu ruwa suna Abuja. Ciwon kai kaɗan sai Landan, mu ko farasitamol babu a asibitin unguwa. Akwai wani tun ina firamare yake takara, yau ina da furfura shi gashinsa baƙi wuluk.

Na Mariri:
Rini ne malam hhhh. Namu ya yi alkawarin burtsatse zaɓe uku ke nan, har yau daga kududdufi mata suke ɗiba tare da shanu.

Ɗan Maraɗi:
Haka abin yake har nan wajenmu. Amma ni ban yarda da hutun nan ba, tsofaffin ƙauyenmu da suka daɗe duk manoma ne, wanda ya daina zuwa gona shi yake fara kwantawa.

Nas Hadiza:
Motsa jiki daban, zaman awa goma sha a kan sitiyari ba barci daban.

Sarkin Zolaya:
To tsaya Nas, shi kansa goron ba ya tayar da hawan jini? Na ji an hana Kawuna.

'Yar Bebeji:
Iya kam kullum da shi a bakinta, har da ɗan abin gogawa da haƙora suka zube.

Na Mariri:
Kar ku ɓata mana kasuwa don Allah, dama bana kuɗin mota ya sa farin goro ya fi ƙarfin mai ɗaurin aure.