Waɗanda suka yi bitar karanta jinom ɗin ƙwayoyin cuta: me ya biyo baya da kuka koma bakin aiki?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Abuja

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Wata takwas ke nan da na gama bitar kwana goma a kan karanta jinom ɗin ƙwayoyin cuta, abin da muke kira sikwensin a wurin aiki, kuma ina so in ji yadda ilimin ya zauna wa waɗanda suka riga ni bayan an watse. Ga wanda bai saba ba, gwajin PCR yana nuna cewa ƙwayar tana jikin mutum ne kawai, shi kuwa sikwensin yana karanta haruffan halittarta, wato jinom ɗinta, ɗaya bayan ɗaya, wajen 30,000 a ƙwayar korona, har a gane danginta da hanyar da ta biyo.

A bitar an koya mana aiki da MinION, na'urar da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ake jona ta da kwamfuta. Ranar da na ɗiga samfurin farko na ga sakamako yana zubowa a allo, na ɗauka na gama iyawa. Da na koma ofis sai na tarar babu faifan da ake ɗiga samfurin a kai, kuma odar da aka yi ta ɗauki wata huɗu kafin ta iso, domin daga waje ake kawo shi, a cikin sanyi. Lokacin da ya zo hannuna ya riga ya yi nauyi, na bar kumfar iska ta shiga faifan, ta kashe yawancin ƙofofin da ke karanta haruffan. Satifiket ɗin yana nan a bango, amma faifan nan ya tafi a banza.

Jami'in sa ido kan cututtuka, wata ƙaramar hukuma a Filato

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku kuna kukan faifai, mu kuwa da muke ɗebo muku samfurin ba a ma taɓa gaya mana abin da kuke yi da shi ba. Kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 tana da jami'i irina, kuma ni na yi horon wata uku na binciken annoba a fili, wanda ya amfane ni ƙwarai wajen ƙirga masu cuta da shigar da rahoto a SORMAS, manhajar bibiyar annoba, sai dai ko sau ɗaya ba a ambaci jinom a cikinsa ba.

Da rani biyu da suka wuce na ɗebi jinin wata mata da ake zargin zazzaɓin Lassa ne a wani ƙauye mai nisa daga titi. Na ɗauro kular a bayan babur, ƙanƙarar ta fara narkewa tun kafin in kai tasha, kuma a gaggauce na cike fom ɗin, na rubuta adireshi "bayan kasuwa", na bar gurbin ranar da ciwon ya fara babu komai domin mijin ya ce ba ya tunawa. Bayan makonni wani matashi ya kira ni daga ɗakin gwaji yana roƙon wannan ranar da sunan ƙauyen, na kuwa ji haushi, na ce masa ai matar ta warke, me za a yi da rana? Maimakon gardama sai ya turo mini hoton bishiyar dangantakar ƙwayoyin, ya nuna mini reshen da samfurin matar ya rataya kusa da na wani mutum daga wata jiha, ya ce idan babu rana da wuri ba zai iya cewa wane ne ya riga kamuwa ba, balle a san ko sun haɗu. Washegari na koma ƙauyen, muka lissafo ranar ta hanyar tuna ranar kasuwar da matar ta fasa zuwa. Minti biyar ɗin nan a waya sun fi mini wasu bitocin da aka yi a otal da shinkafa da alawus.

Mai nazarin bayanan jinom a kwamfuta, Abuja

Ranka ya daɗe, ba ni ne na kira ka ba, amma na yi irin wannan kiran sau da yawa. A tsakaninmu muna kiran samfurin da ya zo babu rana babu gari maraya, domin za mu karanta shi tsaf amma ba mu san gidan da za mu mayar da shi ba. Sannan jinom ɗin Lassa na RNA ne, sinadarin gado mai rauni wanda zafi ke kakkaryawa, saboda haka ƙanƙarar da ta narke a bayan babur tana iya sa mu sami rabin haruffa.

Ina so mutanen fili su san girman abin da ke hannunsu. A annobar Lassa ta 2018 an ji tsoron ko sabon nau'i ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane, sai sikwensin ɗin da aka yi a kan samfuran asibitin Irrua na jihar Edo ya nuna cewa yawanci daga ɓera cutar ke tsallakowa, kowa da inda ya kwaso tasa, wanda ya sa aka ci gaba da ƙarfafa tsaftar abinci da yaƙi da ɓera. Haka kuma ƙwayar shan inna da aka gano a Borno a 2016, jinom ɗinta ne ya tona cewa ta yi wajen shekara biyar tana yawo ba a gan ta ba.

Game da horo kuwa, Hajiya, ni ma bitar farko ta zube mini, domin kwana biyu aka ware wa Linux, tsarin kwamfutar da muke nazarin bayanan a kansa, ga kwamfutata ba ta da ƙarfin ɗaukar bayanan. Abin da ya cece ni shi ne wata shida da na yi a ƙarƙashin wani babba, kullum da samfuri na gaske, ina kuskure yana gyarawa. Mu biyar muka yi wannan zaman, uku yanzu suna Ingila da Kanada, kuma ban ga laifinsu ba, tunda tsarin albashinmu bai ma san sunan aikin da muke yi ba.

Likitar dabbobi, Jos

Ina roƙon a daina raba mu a bita. An fara tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom, nan kusa da mu, ta daɗe tana wannan aikin. Sau ɗaya aka haɗa ni aji guda da likitocin mutane, kuma ribar da na fi ci ita ce lambobin waya, domin yanzu idan kaji suka fara zubewa a gona na san wanda zan kira ya duba masu kula da su. Abin da babu bitar da ta koya mini shi ne yadda ake shawo kan mai gonar da ke ɓoye mushe don tsoron a hallaka masa sauran.

Tsohon ma'aikacin lafiya mai ritaya, Jos

'Ya'yana, ina ɗan makaranta a garin nan a farkon 1970 lokacin da Lassa ta shiga asibitin Jankwano, har ta kashe Dakta Jeanette Troup bayan ta yanke a wajen binciken gawa. A zamanin sai an kai jini Amurka kafin a san abin da ke kashe mutane. A Maris na 2020 kuwa, 'yan kwanaki bayan samun mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede ta fitar da jinom ɗin ƙwayar, na farko a Afirka, kuma na yi murna kamar nawa ne. Amma ku tambayi masu koya muku wane ne ke da ikon fitar da sakamako ga duniya, domin kun ga yadda Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da Omicron, sabon nau'in korona, a Nuwamban 2021, aka saka musu da rufe hanyar jirage, har mu ma Ingila ta sa mu a jerin ƙasashen da ta hana shiga.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Abuja

Na gode, Baba, wannan tambayar ba ta zo a bitarmu ba, kuma zan kai ta. Malam jami'in sa ido, sauran faifai biyu gare mu a firji waɗanda wa'adinsu ya kusa, kuma shugabanmu ya amince mu gayyaci jami'an fili uku su tsaya a kanmu ranar da za mu yi amfani da su. Idan za ka samu zuwa Abuja, ka taho da kwafin fom ɗin da kuke cikewa yanzu da kular da kake ɗaurawa a babur, ina so in auna awa nawa take riƙe sanyi.