Tikitin Guangzhou: ASKY da Ethiopian duk ɗaya ne?

Hajiya mai atamfa: Salamu alaikum jama'a. Ana son tafiya Guangzhou ta China daga Yamai. An ce in aka yanki tikitin Yamai zuwa Lome a ASKY, kamfanin jiragen sama da ke Lome, daban, sauran hanyar a Ethiopian daban, kuɗin sun fi sauƙi, tunda wai duka na Ethiopian ne. Haka ne?

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki soma.

Malam na azansi: Hajiya, Ethiopian hannun jari gare ta a ASKY, bai ma kai rabi ba, kuma tana taimaka musu da jirage da ma'aikata tun da suka fara tashi a 2010. Amma kowa asusunsa daban. Ki duba lambar tikiti, lambobi 13 ne, ukun farko su ne na kamfanin da ya karɓi kuɗinki: 071 Ethiopian, 032 ASKY, 235 Turkish. In duk tafiyar na ƙarƙashin lamba ɗaya, kaya daga Yamai ake manna musu takardar Guangzhou, in jirgin farko ya makara su ne za su sa ki a na gaba ba ko dala. In tikiti biyu ne, a Lome sai kin fita kin ɗauki kaya, kin sake layin awo. Jirgin Yamai ya yi lattin awa uku, na Lome zuwa Addis ya tashi, sai a rubuta ba ki zo ba. Abin da mutane ba su sani ba, wanda bai hau zangon farko ba, kwamfuta na soke duk sauran zangunan, har da na dawowa. Ga kuma kilo: wannan ya ba da jaka biyu masu kilo 23, wancan ƙila ɗaya, rarar da aka yi murna da ita ta tafi a kuɗin wuce kilo.

Alhaji na Sabon Gari: Ai ko saye aka yi gaba ɗaya ba a rana ɗaya ake zama abu ɗaya ba. Air France da KLM tun 2004 suka haɗe, har yau kowa da sunansa da lambarsa.

Ɗan Tibiri: Air France ɗin da rabonta da Yamai tun Agustan 2023, Alhaji bar ta ta huta.

Alhaji na Sabon Gari: Misali na kawo yaro, ban ce a hau ba.

Mai sufa: Ni abin da nake son a lura da shi, babban kamfani ya shiga ƙarami ba ya nufin ƙaramin ya tsira. Etihad ta ɗauki kashi 49 na Alitalia a 2014, 2017 aka shiga kotun karayar arziki. Air Berlin da take da hannu ciki ita ma 2017 ta rufe, Jet Airways ta Indiya 2019. Mai tikitin kamfanin da ya mutu layin masu bin bashi yake shiga, can ƙarshe, mai hannun jarin bai da wajibcin ɗaukarsa. Shi ya sa kamfanin da ake ta maganar za a saye shi, kar a yanki tikitinsa wata shida kafin tafiya.

Baba Ali Ɗan Sofo: Allah ya ji ƙan Air Afrique. Ƙasashe 11 suka kafa ta a 1961, har da Nijar, 2002 ta kwanta. Tukunyar da ke da masu tuƙi da yawa.

Ɗan Tibiri: Baba, gara ita ta tashi. Nigeria Air fenti kaɗai muka gani a Abuja.

Bakatsine: Ku fara gyara hanyar Ɗan Isa tukun.

Malam na azansi: Ku bar wannan. Wani abin da haɗewa ke jawowa shi ne canjin lambar jirgi da lokaci. Da Vistara ta narke cikin Air India a Nuwamban 2024, lambobin jiragenta da ke farawa da haruffan UK sun koma AI. Saƙon canji lambar wayar da ke cikin rajistar yake zuwa, kuma sau da yawa ta mai azansi ce. Ku ce a sa taku. Kwana uku kafin tafiya a shiga shafin kamfanin da haruffa shida ɗin nan na rajista da sunan da ke fasfo, a tabbatar. Kafin a hau motar Yamai daga Maraɗi, ba bayan an ci kilomita ɗari shida da wani abu ba.

Mai sufa: Jaka ta ɓata kuma, takardar ƙorafi a cika ta cikin filin jirgi kafin a fita, a wurin kamfanin da ya sauke ka. Wadda ta fashe kwana 7 gare ka ka rubuta, wadda ta makara kwana 21 daga ranar da ta iso hannunka.

Hajiya mai atamfa: To ta Kano fa? Ethiopian na sauka can ai.

Bakatsine: Tana sauka. Amma a lissafa canjin sefa da naira ranar biya, da shingayen Jibiya.

Alhaji na Sabon Gari: Malam, lambar Royal Air Maroc nawa ce? Akwai wani tikiti a gabana.

Malam na azansi: 147. Turo hotonsa ta gefe Alhaji, a rufe sunan.