Abin da masu rataya fitilar kiristal suka ce a kula da shi

Hirar da masu rataya fitilar ado mai ƙwayoyin kiristal suka yi ta faro ne daga nauyi, kuma a nan aka fi daɗewa. Kiristal na asali, irin na Bohemiya ta ƙasar Cek, yana ɗauke da darma aƙalla kashi 24 cikin 100, shi ya sa yake tarwatsa haske kala-kala, shi ya sa kuma yake da nauyi. Gilashin K9 da ake kawowa daga Caina ya fi sauƙi a hannu da aljihu. Ko wanne ka saya, auna ƙwaya ɗaya, ka ninka da adadinsu, ka haɗa da nauyin firam. Kada a kuskura a ɗora wannan lodi a kan silin POP. A kafa ƙugiya a cikin kankare ko katakon rufi, sarƙa ta ɗauki nauyin, wayar wuta ta tafi sakwa-sakwa.

Sai ramin da ake huda wa ƙwayar. In ya matso baki da yawa, a nan ƙwayar take tsagewa. Wajen zoben da ake sakawa a ramin, wasu sun fi son na tagulla don laushinsa wajen lanƙwasawa, wasu na silba mara tsatsa. Ni dai na ga zoben baƙin ƙarfe mai arha ya bar jan tabo a cikin rami bayan damina ɗaya.

A bar tazara tsakanin ƙwayoyi, musamman kusa da fanka, don kada su riƙa karo suna ɓantarewa. Ƙwan LED ya fi, ba ya zafi sosai. In ƙurar hunturu ta lafta, a kashe wuta, a goge da tsumma mai laushi, kada a juya fitilar, juyin yana kwance ƙugiya.