Zan kai ɗalibaina kurame kallon tsagar duwatsu, ina neman shawara

Malamar Jogirafi:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandaren kurame a Kaduna, 'yan aji biyar su 14. Mun zo darasin tsagar ƙasa, wato inda dutse ya dare biyu, ɓangare ɗaya ya goce wa ɗan'uwansa. Na zana a allo, sun kwafe tsaf, amma da na yi tambaya sai kallon-kallo. Wata yarinya 'yar Kwoi ce ta farkar da ni, ta ce girgizar ƙasar da aka yi a garinsu a 2016 ita a tafin ƙafa ta ji ta tana ƙarama, tana so a kai ta ta ga abin da ya motsa.

Damuwata ita ce, bara na fita da su, ina nuna dutse da hannun dama ina maganar hannu da hagu, aka tashi ba a tsinci komai ba. Ina zan kai su, kuma yaya zan yi?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Malama. Manyan tsagogin ƙasar nan, irin su Kalangai wajen Birnin Gwari da wadda ta bi ta Zungeru, ba na ba ki shawarar zuwa da yara, kin san halin hanya. Kuma ko kin je ba rami za ki tarar ba, sai dutsen da ya niƙe, wanda sai mai ido ke ganewa. Ki nemi falalen dutse kusa, ko ki zo gindin Kufena a Zariya. Ki sa su farautar farar jijiyar da ke ratsa dutse. In aka dace suka ga ta yanke, ta ci gaba a gefe da tazarar yatsa biyu, to ga darasinki nan. Ki jaddada musu ba kowace tsaga ba ce, sai wadda aka samu gocewa.

Tsohon Tafinta:
Ranki ya daɗe, kuskuren bara ba naki ba ne ke kaɗai, ni ma na daɗe ina yin sa. Mai ji yana kallon dutse kunnensa na wajenki. Kurma ido ɗaya ne ke masa aikin biyu. Saboda haka ki tsayar da su rabin da'ira, rana ta haska ki kada ta haske musu ido, ki gama bayani, sannan ki sauke hannu ki sake su. Minti goma, a sake taruwa. Kada kuma ki cika musu hannu da littafi da guduma da gora, kin ɗaure musu baki ke nan. Jakar goyo kowa.

Alamar tsagar a maganar hannu ma ki bar musu, za su ƙirƙiro. Nawa sun haɗa tafuka biyu, suka zame ɗaya gaba. Wallahi ya fi zanen littafi.

Baƙon Kalifoniya:
Hajiya, a nan Amurka makarantar kurame ta garin Berkeley an mayar da ita garin Fremont a 1980, tsagar Hayward da ta ratsa Berkeley na cikin dalilan da aka bayar. Ita wannan tsagar tana jan ciki ne a hankali, kamar milimita 5 a shekara, har dakalin bakin titi za ki ga ya karkace. In kina so in ɗauko miki hotuna su gani kafin fita.

Malamar Jogirafi:
Ina so, Allah ya saka. Tsohon Tafinta, in yaro ya ba ni baya ya doshi gangare fa? Ihu ba zai yi ba.

Tsohon Tafinta:
Bibbiyu za ki haɗa su, kowa na kula da abokinsa, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya da jan ƙyalle. Wurin fasa dutse da nakiya kuwa kada ki kusance shi, da jiniya suke gargaɗi.