Fom ɗin rajista ya ƙi tafiya idan akwatin ƙaramar hukuma a ɓoye yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa wata makarantar Islamiyya a Gombe fom ɗin rajistar ɗalibai da HTML da JavaScript, PHP ke karɓar bayanan a saba (server).

Idan mutum ya zaɓi Gombe a matsayin jiharsa, jerin ƙananan hukumomi 11 ke fitowa, su Akko, Dukku, Kwami, Yamaltu/Deba da sauransu. In wata jiha ce, jerin ya ɓuya, wani akwati ya fito mutum ya rubuta ƙaramar hukumarsa da hannu. Duka biyun na sa musu required, wato dole a cike su.

To a nan gizo ke saƙa. Ka danna maɓallin turawa, shiru. Chrome na ƙorafin cewa akwai akwatin da ba a cike ba, kuma ba zai iya kai mutum kansa ba tunda display:none ya ɓoye shi. Na sa wa ɓoyayyen disabled, wato na kashe shi, fom ya tafi lafiya. Amma idan aka koma baya don gyara lambar waya, burauza tana dawo da jihar da aka zaɓa ba tare da change (alamar an sauya zaɓi) ya tashi ba, sai akwatin ya zauna a kashe, ƙaramar hukuma ta iso saba babu komai.

Wani ya ce in sa novalidate, wato burauza ta daina duba ko an cike. Ban yarda ba, iyaye da wayoyinsu suke cikewa, za su turo min rabi da kwata.

Shin a pageshow (lokacin da shafi ya bayyana) ya kamata in sake duba jihar, ko cire required da mayar da shi ya fi? Wanda ya taɓa cin karo da wannan, don Allah ya taimaka.